Lemo Uku

Saƙon ya shigo ranar Laraba,
ina tsaye a Kwangila, ina jiran motar Shika.
An ba ni. Shekara uku, ana iya ƙarawa.
Na karanta sau biyu, na jefa wayar a jaka,
na biya kwandasta, na manta canjina.

Wata goma sha huɗu ina bin takardar nan.
Jarrabawar Turanci, Abuja, sau biyu.
Ta farko a sauraro na faɗi,
ni da nake jiyo numfashin majinyaci
daga ƙarshen ɗaki, in san ya sauya.
Filin Inna na Dakace ya tafi a kuɗin biza.
Suka ɗauki hoton ƙirjina, kada in kai musu tari,
suka karɓi yatsuna goma a kan gilashi.

Mu tara ne a ɗakin maza, da.
Sista Kande ta tafi, Bulus ya bi ta bara,
Uwani ko sallama ba ta yi ba.
Allon aiki duk sunaye ne da aka goge da yatsa,
allin bai gama fita ba.
Babbar sista ta sa min hannu, ba ta ɗago kai ba:
"Allah ya tsare. Ki bar makullin kabad."

Saura Baba.

Kullum bayan asuba, kafin koko,
ni ke ɗaga masa riga in yi masa allurar suga.
Shekara shida, hannuna ne.
Sai na sayo lemo uku a Tudun Wada,
na zaunar da Shitu a tabarma.
"Riƙe haka. Tsunkulo fata. Soka.
Kada ka ji tausayinsa. Ƙirga goma, ka zare."
Yaron da ke kwance injin babur a Ƙofar Doka
ya mayar da shi ido rufe,
ga shi hannu na rawa a kan lemo.
Na farko ya subuce, ya gangara ƙarƙashin randa.
Na biyu ya sha suka har ya yi kuka.

Baba daga kujera ya ce,
"Lemon nan ya fi ni haƙuri."
Muka yi dariya, har Inna a madafa,
da ta kwana biyu ba ta ce min uffan ba.

Gidan tsofaffi ne, an ce,
a wani gari da harshena bai iya sunansa ba tukuna.
Gado talatin da biyu.
'Ya'yansu sukan leƙo ranar Lahadi.
Da na fara ji na ce, waɗanne irin 'ya'ya ne waɗannan?
Na haɗiye maganar yanzu.
Ni ko Lahadin ba zan samu ba.

Na yi lissafin, ba sau ɗaya ba:
albashina nan ba ya ganin ashirin ga wata,
kwalbar maganin ta ninka uku.
In na tafi, kwalba ba za ta yanke ba.
Hannu ne dai ba a turowa ta banki.

Yau da asuba, akwatina a zaure,
Shitu ya durƙusa gaban Baba.
Na kai hannuwana baya, ɗaya ya kama ɗaya.
Ya tsunkulo, ya soka, ya ƙirga a fili,
ya tsallake bakwai.
"Ko kaɗan ban ji ba," in ji Baba,
"Sa'ade, ya ma fi ki."

Na ga babban yatsan ƙafarsa ya lanƙwashe
cikin silifa.
Ban ce komai ba.

Lemo na uku yana jakata, duk huji.
Mun wuce Jaji na ɓare shi.
Ruwan da muka ɗura masa ya kashe zaƙin.
Na shanye.